Yadda za ka haɗa jitarka ta farko da hannunka: akwati, sanda da tsirkiya uku

A shekarar 1862, wani gwanin haɗa jita ɗan ƙasar Sifen mai suna Antonio de Torres ya yi wata jita wadda bayanta da gefunanta duk na kwalin takarda ne, fuskarta kaɗai ce ta katako mai kyau. Ya yi hakan ne don ya nuna cewa muryar jita daga fuskarta take fitowa, wato siririn allon da tsirkiyoyi ke bi ta kansa. Jitar tana nan har yau a gidan adana kayan kiɗa na birnin Basalona. Mai son fara wannan aiki don nishaɗi ya riƙe darasin Torres, ya ƙara da na biyu: fuska ce ke ba da sauti, awo kuma shi ke sa sautin ya zauna daidai. A waɗannan wurare biyu za ka zuba haƙurinka. Sauran aikin yana yafe kuskure, su ba sa yafewa.

Shi ya sa ban ga hikimar farawa da cikakkiyar jita mai tsirkiya shida ba. Tana buƙatar lanƙwasa katako da zafi, da haɗa wuya da jiki a kan kusurwa mai tsauri, sannan tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan ta da nauyin da ya kai kilo 70. Wanda bai taɓa yanka gurbin ƙarfe ɗaya a wuyan jita ba, wannan kaya ya fi ƙarfinsa. Fara da jitar akwati mai tsirkiya uku. Ba wasan yara ba ce: talakawan Amurka sun yi ta haɗa irinta da akwatin sigari tun ƙarni na 19, akwai ma zanen Edwin Forbes na 1876 da ya nuna soja a sansani yana goga abin kiɗan da aka yi da irin wannan akwati. Duk abin da za ka koya a kanta, shi za ka tarar a babbar jita.

Sunayen sassa, don mu fahimci juna

Wuya shi ne sandar da ke ratsa akwati daga wannan gefe zuwa wancan. Allon yatsu shi ne siririn katakon da ake mannawa a kan wuya. Ƙarafan mataki su ne ƙananan ƙarafan da ke kwance a gicciye kan allon yatsu. Matashi shi ne ɗan guntun ƙashi ko katako mai tauri da tsirkiyoyi ke hawa a can sama, jaki kuma takwaransa ne da ke tsaye a kan fuskar akwati. Kunnuwa su ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Tazarar da ke tsakanin matashi da jaki ita ce tsawon kaɗawa, kuma a kanta komai ya rataya.

Katako da kayan aiki

Don wuya, nemi katako mai tauri, tsawonsa milimita 920, faɗinsa 38, kaurinsa 20. Mahogani ya yi, maɗaci ma danginsa ne kuma ya yi. Ɗaga sandar zuwa idonka ka hango ta daga wannan baki zuwa wancan. In ta karkace ko ta murɗe, ajiye ta. In akwai kulli a tsakiyarta, ajiye ta. Layin jijiyar katakon ya miƙe daga farko har ƙarshe, domin tsirkiyoyi uku za su riƙa jan sa da kilo 30 zuwa 40 dare da rana, kuma babu ƙarfen miƙar da wuya a cikinsa kamar na manyan jitoci.

Ɗanyen katako shi ne babban abokin gabar wannan sana'a. Masu haɗa kayan kiɗa suna son ruwan da ke cikin katako ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, laimar ɗakin aiki kuma ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 50. In ba ka da na'urar gwaji, mafita mai sauƙi ita ce tsohon katako: ƙafar tebur da ya karye, ko gefen tsohon gado. Da tsohuwar zuma ake magani. Katakon da ya shekara goma a ɗaki ya riga ya gama motsinsa. Sai dai ka bincike shi da kyau saboda ɓoyayyun ƙusoshi.

Allon yatsu: katako mafi tauri da ka samu, tsawo 480, faɗi 38, kauri 6. Akwai abin lura a nan. Itatuwan da aka fi so don wannan aiki suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. An saka jan katakon Burazil na dangin Dalbergia a jeri mafi tsanani tun 1992, a farkon 2017 kuma aka saka sauran dangin a jeri na biyu, tare da madobiya. Jitar farko ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Akwati: tsawo 250, faɗi 190, zurfi 60. Bangwayensa su kai kaurin milimita 10, baya 4 ko 5, fuska kuma 3 kacal. Filawud mai kaurin 3 ya isa. In ka samu siririn allon itacen sifurus (spruce) ko al'ul, waɗanda su ake yi wa manyan jitoci fuska da su saboda rashin nauyi da ƙarfin jijiya, to ka dace. Riƙe allon da yatsu biyu kusa da kusurwa, ka ƙwanƙwasa tsakiyarsa kusa da kunnenka. Wanda ya amsa da ɗan amo ya fi wanda ya yi tim ya mutu.

Kayan aiki ba su da yawa: zarto, siririn zarto na yankan mataki, kurfi mai kaifi, magagari, ƙaramar guduma, injin huda, sukwaya, kilam (abin matse katako) huɗu ko fiye, sanfefa mai lamba 120, 180, 220 da 320, da rular ƙarfe mai tsawon mita ɗaya. Kada ka auna matakai da tef mai naɗewa, ƙugiyar bakinsa tana wasa. Abin da za ka saya a shirye: kunnuwa uku, wayar mataki (wadda ake yanka ƙarafan mataki daga jikinta) wajen mita ɗaya, da saitin tsirkiyoyin jita na ƙarfe.

Gam kuwa, yi amfani da gam ɗin katako mai bushewa da tauri, irin Titebond, ko gam ɗin fata da ake narkarwa a zafin digiri 60. Guji gam mai zama kamar roba bayan ya bushe. Yana shanye kaɗawar sauti, kuma yana sakin jiki a hankali idan ana jan sa.

Mataki na farko: zana ta a takarda

Tun ran gini ran zane. Shimfiɗa doguwar takarda ka zana jitar da ainihin girmanta, ta sama da ta gefe. Za mu ɗauki tsawon kaɗawa na milimita 650, wanda ya zama ma'aunin jitar gargajiya ta Sifen tun bayan Torres. Kamfanin jita na Fender na amfani da kusan 648 a yawancin jitocinsa, kamfanin Gibson kuma kusan 628. Gajeren tsawo ya fi laushi a yatsa, dogo ya fi tsayuwar murya.

Raba sandar haka: 130 na kai inda kunnuwa za su zauna, 5 na matashi, 480 daga matashi zuwa bakin akwati, 250 a cikin akwati, abin da ya rage ya leƙo ta baya a matsayin wutsiya. Da wannan lissafi jaki zai faɗa milimita 170 daga bakin akwati na gaba, wato kusan kashi biyu cikin uku na tsawon fuska. Wurin nan ba a banza aka zaɓe shi ba. Jakin da ya matso kusa da bango yana tsaye ne a inda fuska ba ta iya motsi, sai sautin ya fito siriri.

Ja layin tsakiya a kan wuya, da allon yatsu, da akwati. Daga wannan layi za ka riƙa auna komai.

Mataki na biyu: akwati da gurbin wuya

Haɗa bangwaye huɗu da gam, ka ƙarfafa kowace kusurwa da ɗan guntun katako ta ciki. Auna daga kusurwa zuwa kishiyarta sau biyu. In awon ya zo ɗaya, akwatin ya miƙe.

A saman gajerun bangwayen biyu, yanke gurbi mai faɗin 38 da zurfin 17, daidai tsakiya. Sannan ka koma kan wuya. A duk sashen da zai shiga akwati, rage milimita 3 daga samansa, kaurin fuska ke nan, domin idan an rufe, saman fuska da saman wuya su zama shafe ɗaya. Sai kuma abin da masu farawa suka fi mantawa: tsakanin bangwayen biyu, ƙara rage wasu milimita 5. Fuska ba za ta taɓa wuya ba sai a kan bango. In ta kwanta a kansa, ka ɗaure mata baki, duk wahalar zaɓen allo ta tafi a banza. Hanyar ragewa ita ce ka jera yanka da zarto, kowanne zuwa zurfin da ka sa alama, sannan ka ɓalle tsakaninsu da kurfi, ka share da magagari.

Wannan ragi ya bar wuya da kaurin 12 kawai a ciki, don haka manna wani katako mai kaurin 20 a ƙarƙashinsa, wanda tsawonsa zai cika tsakanin bangwayen cif.

Ramin sauti: huda biyu masu faɗin milimita 25 zuwa 30 a kusurwoyin fuska na gaba, hagu da dama na inda wuya ya ratsa. Iskar cikin akwati tana da muryarta, abin da masanin kimiyyar Jamus Hermann von Helmholtz ya bayyana a ƙarni na 19. Ƙaramin rami yana saukar da wannan murya, babba yana ɗaga ta. Fara da ƙarami, tunda faɗaɗawa tana yiwuwa, mayarwa ba ta yiwuwa. In fuskarka ba filawud ba ce, manna siririn faci mai kaurin 2 a ƙarƙashin inda jaki zai tsaya, jijiyarsa a gicciye da ta fuska, don kada ta tsage.

Kada ka manna komai da akwati tukuna.

Mataki na uku: kai da wutsiya

Rage milimita 5 daga saman kai, kaurinsa ya koma 15. Wannan yana ba kunnuwa wurin zama, yana kuma sa tsirkiya ta gangara bayan ta haye matashi, ta danne shi da kyau. Jera kunnuwan a kai kafin ka huda, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗayan, ka tabbata ba sa karo idan ana murɗawa kuma kowace tsirkiya za ta sami hanyarta ba tare da gogar wata ba. Auna kaurin sandar kunnen da ka saya, shi zai gaya maka girman huda. Ɗora kai a kan tarkacen katako lokacin hudawa don kada bayan ya fashe.

A wutsiya, huda ƙananan ramuka uku, tazarar 12 tsakaninsu. Saka zoben ƙarfe ko kan ribit a kowane rami, in ba haka ba tsirkiya za ta riƙa cin katakon a hankali, muryar ta yi ta sauka ba ka san dalili ba.

Mataki na huɗu: awon matakai

Nan ne zuciyar aikin. Kowane mataki yana ɗaga murya da rabin sauti, kuma matakai goma sha biyu ne ke kai ka inda murya take ninkawa. Saboda haka mataki na 12 dole ya faɗa a tsakiyar tsawon kaɗawa. Hanyar lissafin ita ce ka raba tsawon da 17.817, abin da ka samu shi ne wurin mataki na farko. Cire shi daga tsawon, ka sake raba ragowar da 17.817, ka sami tazarar na biyu, haka har ƙarshe. Magabata da 18 suke rabawa, dokar da Vincenzo Galilei, mahaifin Galileo, ya rubuta a 1581. Tana kusa, amma lambar zamani ta fi ta daidai.

Ga sakamakon lissafin don tsawon 650, kowane awo daga bakin matashi, a milimita:

1 — 36.5
2 — 70.9
3 — 103.4
4 — 134.1
5 — 163.1
6 — 190.4
7 — 216.2
8 — 240.5
9 — 263.5
10 — 285.2
11 — 305.7
12 — 325.0
13 — 343.2
14 — 360.5
15 — 376.7

Goma sha biyar sun ishe ka. Lura da kalmar nan, daga bakin matashi. Kada ka auna daga mataki zuwa mataki. In ka yi kuskuren sulusin milimita a kowanne, kafin ka kai na goma sha biyu kuskuren ya taru ya zama milimita huɗu, kuma kunnen da bai san kiɗa ba ma zai ji. Manne rula a jikin allon yatsu da salatif don kada ta motsa, ka sa dukkan alamomin a zama ɗaya. Yi alamar da bakin wuƙa mai kaifi, ba da fensir ba, domin layin fensir kansa ya kai rabin milimita. Idan ka gama, tashi ka yi wani abu, ka dawo ka sake aunawa da sabon ido kafin zarto ya taɓa katako.

Gurbin ya yi daidai da ƙafar wayar matakin da ka saya. Yawancinsu suna son yanka mai faɗin kusan milimita 0.6. Gwada zartonka a kan tarkace: in waya ta faɗa da kanta, yankan ya yi faɗi, in kuma ta ƙi shiga ko da guduma, ya yi matsi, kuma idan ka tilasta goma sha biyar a haka za su tanƙwara allon baya. Matse sukwaya ko miƙaƙƙen guntun katako a kan layin ya zama jagorar zarto. Zurfin ya ɗan zarce tsawon ƙafar waya, wajen milimita 2. Manna salatif a jikin zarto a wannan tsayi don ka san inda za ka tsaya.

Wanda bai sami wayar mataki ba yana iya manna siraran ƙusoshi da aka cire wa kai, ko ma ya bar allon sumul ya zana layuka kawai, ya riƙa zamar da kwalba ko bututun ƙarfe a kan tsirkiya. Da yawan jitocin akwati haka ake kaɗa su. Amma ni ina ganin wanda ke da niyyar ci gaba ya daure ya koyi saka ƙarfe yanzu, a kan allon da ba zai yi baƙin cikin asararsa ba.

Mataki na biyar: manna allon yatsu da sassaƙa wuya

Gam yana da santsi, da zarar ka matse kilam allon zai so zamewa. Buga ƙananan ƙusoshi biyu a saman wuya, ka datse kawunansu ya rage tsini kaɗan, su cije allon a wurinsa. Shafa gam siriri, daidaita layukan tsakiya, ka sa miƙaƙƙen katako a sama kafin kilam don matsin ya rarrabu. Goge gam ɗin da ya fito da tsumma mai laima, musamman wanda ya shiga gurabun mataki. Bar shi awa 24.

Sassaƙar bayan wuya ita ce mafi daɗin aikin. Da magagari ka fara cire kusurwoyi biyu na baya, sannan kusurwoyin da suka bayyana, har ya kewaye. Yanki dogon ƙyallen sanfefa ka riƙa ja da hannu biyu a gicciye. Rufe ido ka bi shi da tafin hannu, zai nuna maka tudun da ido bai gani ba. Tsaya da sassaƙa ɗan nesa da bakin akwati da kuma gindin kai, wuraren nan suna son ƙarfinsu.

Mataki na shida: saka ƙarafa

Kafin komai, manna sanfefa 220 a kan abu mai shafe na gaske, kamar gilashi mai kauri, ka goge saman allon yatsu har rula ta kwanta a kansa ba haske a ƙasa. Share ƙurar gurabun.

Yanke kowane ƙarfe ya ɗan zarce faɗin allo. Sa matashin katako a ƙarƙashin wuya, buga bakin hagu, buga na dama, sannan ka bi tsakiya da ƙananan bugu. Guduma mai kan roba ko tagulla ta fi, don ba ta lotsa ƙarfe. Wayar da aka fi samu haɗin tagulla ce da nikel da zinki, tana da laushin da magagari zai ci. Datse abin da ya leƙo, goge bakunan su shafe da gefen allo, sannan ka kwantar da su a karkace. Bi gefen da yatsa. Duk inda ya karce ka, zai karci mai kaɗawa.

Yanzu shafa tawadar alƙalamin maka a saman kowane ƙarfe, ka goga shafaffen katako mai sanfefa 320 a tsawon allon, a hankali. Inda tawada ta goge da wuri, ƙarfen ya fi tsayi. Ci gaba har tawadar ta ɗan gogu a kan kowanne, sannan ka tsaya. Waɗanda samansu ya baje, mayar musu da ƙundu da ƙaramin magagari bayan ka rufe katakon da salatif. Ƙarfe ɗaya da ya ɗara 'yan uwansa da kaurin takarda ya isa ya sa tsirkiya ziza, wato ƙarar gogar ƙarfe.

Mataki na bakwai: haɗawa da shafe

Zaunar da wuya a gurabunsa, ka duba layin tsakiyarsa ya hau na akwati. Manna shi, sannan ka manna fuska a kan bangwaye. Bayan akwati kuwa da sukurori za ka ɗaure shi, don ka iya buɗewa in wani abu ya saki a ciki, ko in ka so manna ƙaramin faifan fiyezo, mai mayar da kaɗawa lantarki, a ƙarƙashin fuska domin haɗawa da lasifika.

Goge komai daga 120 zuwa 320, kana bin jijiyar katako. Kafin sanfefa ta ƙarshe, shafa tsumma mai laima, bari ya bushe, gashin katakon zai tashi ka share shi. Sa takunkumi, ƙurar katako mai tauri tana cutar da huhu. Shafe mai kauri yana danne fuska, don haka shalak (wani irin fenti mai sheƙi) ko man katako sau biyu ko uku, siriri siriri, ya wadatar. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: tsumman da ya sha man katako irin na linsid yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefar. Shanya shi a buɗe ko ka nutsar da shi a ruwa.

Mataki na takwas: matashi, jaki da saita murya

Matashi na ƙashi ya fi, kaurinsa 5. Yi masa tsagi uku, tazarar 12 tsakaninsu, 7 ta rage a kowane gefe. Tsagin ya gangara wajen kai, ta yadda tsirkiya za ta bar matashi daidai a bakinsa na gaba, inda ka fara awo. Jaki kuma guntun katako ne mai tauri, tsawonsa wajen 70, tsayinsa 13, samansa siriri ko da ɗan ƙarfe a kwance. Kada ka manna shi. Nauyin tsirkiya zai riƙe shi, kuma kana bukatar matsar da shi.

Daga saitin jita ɗauki tsirkiya ta biyar, ta huɗu da ta uku. Saita su a muryoyin da ake kira G, D, G: mai kauri a hez 98, wato kaɗawa 98 a daƙiƙa, ta tsakiya a kusan 147, siririya a 196. Kowace manhajar saita murya ta waya za ta nuna maka. Daɗin wannan saiti shi ne yatsa ɗaya da ka kwantar a gicciye kan kowane mataki yana ba ka haɗin murya mai daɗi.

Fara da tsayin matashi. Danna tsirkiya a mataki na uku, ka leƙa tsakaninta da ƙarfe na farko. Ya kamata a ga ɗan haske kamar kaurin takarda. In ya fi haka, zurfafa tsagin kaɗan kaɗan, kana gwadawa bayan kowane ja biyu na magagari. Matashi mai tsayi yana wahalar da yatsa, yana kuma sa matakan farko su yi sama da muryarsu. Daga nan sai jaki: tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12 ta zama milimita 2.5 zuwa 3. Don rage rabin milimita a nan, sai ka rage cikakkiyar milimita ɗaya daga gindin jaki, tunda mataki na 12 a tsakiya yake.

Saura daidaiton murya. Ajiye jaki a 650 daidai. Saita tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a mataki na 12, manhaja ta nuna harafi ɗaya da na farko. Kusan kullum za ka ga ta ɗan haura, domin dannawa tana ƙara miƙe tsirkiya. Ja jaki baya kaɗan, sake saitawa, sake gwadawa. In ta gaza, turo shi gaba. Yawanci zai tsaya milimita 2 zuwa 3 bayan alamar, kuma gefen mai kauri zai fi ja baya, shi ya sa za ka ga jakin ya ɗan karkace. Haka ya kamata ya kasance. Zagaye gindinsa da fensir don ka gane wurin idan ka canja tsirkiya.

Sababbin tsirkiyoyi suna saki a kwanakin farko, katakon ma yana neman zama. Bayan mako ɗaya ka sake duba tazara da daidaito. In ziza tana fitowa a mataki ɗaya tak, ƙarfen da ke gabansa ne ya yi tsayi ko bai zauna ba. In a sake kawai take yi, tsagin matashi ya zurfafa, sai ka sa siririyar takarda a ƙarƙashinsa. In kuma ko'ina take yi, ɗaga jaki, in ba ta daina ba ka taɓa kunnuwa da sukurorin baya ɗaya bayan ɗaya kana kaɗawa, wanda ya yi shiru a ƙarƙashin yatsanka shi ne ya kwance.

Bayan wannan

Abin da ya dace ya biyo baya shi ne ukulele, ƙaramar mai tsirkiya huɗu da ta samo asali a Hawai daga kayan kiɗan da 'yan tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal suka kai can a 1879. Matsakaiciyarta tana da tsawon kaɗawa wajen 380, tsirkiyoyinta na nailan ne, jansu ba shi da yawa. Sababbin abubuwa biyu za ta koya maka. Na ɗaya lanƙwasa gefe: allo mai kaurin milimita 2 da aka ɗan jiƙa, ana goga shi a kan bututun ƙarfe mai zafi har ya saki jiki, sannan a kulle shi a cikin ƙwarangwal mai siffar jikin ukulele ya huce. Tanadi allunan gwaji, domin kafin hannu ya gane lokacin da katako ya yarda, wasu za su karye. Na biyu haƙarƙarin da ake mannawa a ƙarƙashin fuska. Torres ya shahara da jera guda bakwai a baje kamar yatsun hannu, kamfanin Martin da aka kafa a Amurka a 1833 kuma ya yaɗa tsarin giciye mai siffar X, wanda daga baya ya zama shi ke ɗaukar nauyin tsirkiyoyin ƙarfe. Lissafin matakai bai canja ba: ɗauki 380, raba da 17.817, mataki na farko zai faɗa a milimita 21.3, na goma sha biyu a 190.